Gwajin ANA ya nuna akwai, likita kuma ta ce sai an ƙara wasu: ina neman haske

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai larura ta sa.

Tun bayan da na yaye ɗana na biyu jikina ya ƙi daɗi. Da asuba yatsuna sai su sandare, ko murfin kwalba ba na iya murɗewa sai rana ta ɗaga. Gashina yana zuba har ina jin tsoron taje kai. Ƙananan gyambuna suna fito min a ganɗa, ba su da zafi sosai amma ba sa saurin warkewa. In na daɗe a rana, kumatuna da karan hancina su yi duhu su ɗan tasa. Ga gajiya irin wadda barci ba ya maganinta, ga zazzaɓi mara ƙarfi da ke zuwa yana tafiya. An ce jinina ne ya yi ƙasa, an ce damuwa ce, na sha magunguna iri-iri ba canji.

Daga ƙarshe wata likita ta zauna ta saurare ni sosai, ta duba hannuwana da cikin bakina, ta rubuta min gwajin jinin da ake kira ANA. Takardar ta dawo an rubuta 1:640, a gefe kuma AC-1. Ta ce tana zargin lupus, wato garkuwar jikina ce ke yaƙar jikin da ya kamata ta kare. Amma ta ce wannan takardar kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba, ta ƙara rubuta wasu: anti-dsDNA, anti-Sm, C3 da C4, ƙidayar ƙwayoyin jini, da gwajin fitsari.

Abin da ya ɗaure min kai ke nan. In gwajin ya nuna akwai, me kuma ake nema? Kuma me ya haɗa ciwon yatsu da fitsari? Sannan ta ce mai yiwuwa ta ɗora ni kan hydroxychloroquine, da na duba sai na ga asalinsa maganin zazzaɓin cizon sauro ne. Ni kuma a intanet na karanta cewa a Jamus an samo hanyar da ke warkar da lupus gaba ɗaya. To me zai sa a ba ni tsohon magani alhali bincike ya yi nisa haka?

Akwai kuma abin da ban iya tambayarta ba saboda nauyin baki: ina son ƙara haihuwa. Shin wannan ciwon ya rufe min ƙofa ke nan? Duk wanda ya san wani abu ya taimaka min don Allah.

Ɗan Ɗakin Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne, kuma ANA yana cikin gwaje-gwajen da nake yi da hannuna. Bari in gaya miki abin da ke faruwa da jininki bayan ya bar hannunki, ina ganin daga nan amsar za ta fito da kanta.

A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira B, aikinsu ƙera wasu furotin masu suna antibodi, waɗanda ke maƙale wa ƙwayoyin cuta don a gane su a kashe. A ciwo irin lupus, wasu daga cikin antibodin nan sai su riƙa maƙale wa abin da ke cikin cibiyar ƙwayoyin halittar mutum shi kansa, kamar mai gadin da ya daina gane mutanen gida. Su muke nema a ANA.

Muna juya jinin a na'ura har ruwansa mai launin rawaya ya taso sama. Shi muke ɗiba mu sirka da ruwan gishiri, mu ɗiga kan wani ɗan gilashi da aka shimfiɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam masu suna HEp-2. Bayan kamar rabin awa mu wanke, mu zuba wani sinadari mai ƙyalli wanda ba ya kama komai sai antibodin mutum. Sai a kashe fitila a leƙa madubin likita. In babu komai, duhu kawai za a gani. In akwai, cibiyar kowace ƙwaya sai ta haska kore shar. Naki da aka rubuta AC-1 yana nufin hasken ya cika cibiyar bai ɗaya, kuma wannan siffar ta fi zuwa tare da antibodin da ke kama DNA, wato sinadarin gado da ke cikin cibiyar, da furotin ɗin da ke naɗe da shi. Shi kuwa 1:640 ma'anarsa an sirka kashi ɗaya na ruwan jininki har sau 640 hasken bai ɓace ba. Adadi ne mai ƙarfi, ba zan ɓoye miki ba.

To me ya sa bai isa ba? Saboda masu lafiya ƙalau ma suna da shi. A wani nazari da Eng Tan ya jagoranta aka wallafa a 1997, an gwada mutanen da ba abin da ke damunsu: a 1:40 kusan kashi ɗaya cikin uku sun nuna akwai, a 1:80 kusan 13 cikin 100, a 1:160 kusan 5 cikin 100. Haka kuma yana fitowa a wasu cututtukan garkuwar jiki da ba lupus ba, da bayan shan wasu magunguna. Amfaninsa babba shi ne ta ɗaya gefen: kusan duk mai lupus yana da ANA, don haka in babu shi, da wuya ciwon ya zama lupus. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da Amurka suka fitar a 2019 ma haka suka ɗauke shi. Sai ANA ya kai 1:80 kafin a fara lissafi, sannan a tara maki daga alamomin jiki da sauran gwaje-gwaje.

Sauran da ta rubuta miki su ne masu tantancewa. Anti-dsDNA da anti-Sm ba kowane mai lupus ke da su ba, musamman anti-Sm, amma wanda aka samu da su da wuya ya zama wani ciwon daban ne. C3 da C4 kuwa furotin ne na garkuwar jiki da ke ƙarewa idan ana gwabzawa. In antibodi ya haɗu da abin da ya kama suka dunƙule, su C3 da C4 ake kashewa wurin share su, sai adadinsu ya sauka a jini. Saboda haka anti-dsDNA na hawa, C3 da C4 na sauka, alama ce ciwon ya motsa, wani lokaci tun kafin mai shi ya ji a jikinsa.

Fitsari kuwa, 'yar'uwa, in da za a ce in zaɓi gwaji ɗaya da ba zan yarda ki yi wasa da shi ba, shi zan zaɓa, duk da ya fi kowanne sauƙi. Waɗancan dunƙulen suna maƙalewa a matatar ƙoda su jawo kumburi, kuma ƙoda ba ta kuka da wuri. Kusan huɗu cikin goma na masu lupus ciwon yana taɓa musu ƙoda, kuma abin ya fi yawa da tsanani ga baƙaƙen fata. Furotin ko ƙwayoyin jini a fitsari su ne farkon abin da ke fallasa shi. In kin ga fitsari yana kumfa da yawa, ko ƙafafu da fatar ido sun kumbura, kada ki jira ranar komawa asibiti.

Ina yawan tuna cewa duk wannan bai daɗe ba. A 1948 ne Malcolm Hargraves na asibitin Mayo a Amurka ya ga farar ƙwayar jini ta haɗiye cibiyar wata ƙwayar a ɓargon masu lupus, wannan ne gwaji na farko da aka samu na ciwon. A 2003 kuma aka binciki jinin sojojin Amurka da aka adana tun suna lafiya, aka ga cewa yawancin waɗanda lupus ya kama daga baya, antibodin yana jininsu shekaru kafin alama ta farko, wasu fiye da shekara tara. Don haka ki cire wa ranki cewa wani abu kika yi bayan yaye da ya jawo miki.

Hajiya Mai Amosani ta amsa:

Sannu 'yata, Allah ya kawo sauƙi. Ni nawa ba lupus ba ne, amosanin gaɓɓai ne irin wanda garkuwar jiki ke haddasawa, amma dangi ɗaya ne, kuma na girme ki a wannan hanyar da shekaru masu yawa. Na ga ranki ya tafi kan sabon magani, shi ya sa na ce bari in ce wani abu.

Lokacin da nawa ya fara, gwajin da aka fi sani shi ne RF, kuma nawa bai nuna komai ba. Haka na zauna ana ce min sanyi ne, har 'yan yatsuna biyu na hannun dama suka karkace. Yanzu ko allura ba na iya zura wa zare da su. Daga baya aka yi min anti-CCP, wanda masu bincike a Holan suka samar a ƙarshen shekarun 1990, shi ya fito da gaskiyar lamarin. Gwaji ne da ke iya nunawa tun gaɓa ba ta lalace ba. Ke da aka gano naki yatsunki suna miƙe, ki gode wa Allah, ki kuma riƙe likitar nan da kyau.

An fara ni da methotrexate, shi ma tsohon magani ne, sau ɗaya a mako ake sha tare da folic acid. Ina nanata sau ɗaya a mako saboda mai karatu, don shan sa kullum yana iya kisa. Ya riƙe ni shekaru. Da ya gaza ne aka ƙara min allurar da ke toshe wani sinadarin kumburi mai suna TNF. Likitana ya ba ni labarin yadda aka same ta, kuma labarin ya zauna min. Wasu masana biyu a Landan, Marc Feldmann da Ravinder Maini, suka ɗebo nama daga gaɓɓan marasa lafiya suka raine shi a ɗakin gwaji. Suka ga sinadaran kumburi da yawa a ciki, amma da suka toshe TNF kaɗai sai sauran suka lafa. A 1992 suka gwada a jikin mutane. Mata irina da ba sa iya sauka daga gado suka miƙe.

Ni ma na miƙe, ba ƙarya. Amma kafin a tsira min allurar farko sai da aka ɗauki hoton ƙirjina aka gwada ni tarin fuka da ciwon hanta, domin TNF ɗin da ke cin gaɓɓaina shi ne kuma ke tsare ƙwayar tarin fuka da ke kwance a jikin mutum. In an toshe shi tana iya farkawa. Har yau in zazzaɓi ya kama ni ba na zama gida in ce zai wuce. Kowane magani da ya rage wa garkuwar jiki ƙarfi yana da abin da yake karɓa a wurinki.

Wanda zan ja miki kunne a kansa shi ne prednisolone. Ranar da kika fara shan sa za ki ji kamar an sake ki. Amma in aka daɗe a kansa da yawa, fuska ta kumbura, suga da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni. Kada ki ƙara da kanki, kada kuma ki yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke saukar da shi.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Malam, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wallahi yau ne na fahimci takardar da ke hannuna. Fitsarin na kai ɗazu da safe. Hajiya, ita wannan allurar ta TNF, ni ma za ta yi min? Kuma har yanzu maganar Jamus da ta haihuwa suna raina.

Likitar Gaɓɓai ta amsa:

Ƙanwata, sannu da jiki. Ban duba ki ba, don haka likitarki ce mai magana ta ƙarshe, kuma daga abin da kika faɗa tana kan hanya daidai.

Allurar Hajiya ba ta lupus ba ce. Hasali ma masu toshe TNF kan jawo wa wasu alamomi irin na lupus. Wannan yana cikin manyan abubuwan da bincike ya koya mana: cututtukan nan sun yi kama a ido, amma inda garkuwar jiki ta kauce a kowanne daban ne. A amosanin gaɓɓai TNF ne kan gaba. A lupus ƙwayoyin B ne da wani sinadari mai suna intaferon, wanda jiki ke fitarwa idan ya ji shigowar bairos.

Nan ne hydroxychloroquine ya shigo, kuma ba na son ki raina shi don tsufansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka lura sojojin da ke shan wani ɗan'uwansa don rigakafin zazzaɓi, masu ƙuraje da ciwon gaɓɓai a cikinsu suna samun sauƙi. An yi shekaru ana ba da shi ba a san yadda yake aiki ba. Yanzu mun san akwai wasu na'urorin ji a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, TLR7 da TLR9, da ke gane RNA da DNA na ƙwayar cuta su tayar da intaferon. A lupus na mutum shi kansa suke ji, su yi ta ƙararrawa ba dalili. Maganin yana taruwa a daidai inda suke ya dusashe su. A 2022 an samu wata yarinya a Sifaniya da canji ɗaya tak a ƙwayar gadon TLR7 ya jawo mata lupus mai tsanani, da aka sa wa ɓeraye irin canjin su ma suka kamu. TLR7 kuwa yana kan kuromosom X, wanda mace ke da biyu, kuma ana ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa tara cikin goma na masu lupus mata ne.

A aikace, wani gwaji da aka yi a Kanada a 1991 ya nuna waɗanda aka cire wa hydroxychloroquine sun fi waɗanda suka ci gaba da sha fuskantar tashin ciwon da ninki biyu da rabi. Maganin yana kare ƙoda, yana rage daskarewar jini. Ni duk mai lupus da ta zo hannuna ina ba ta shi sai in akwai dalilin hanawa. Sharaɗinsa kada ya wuce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyinki a rana, kuma a riƙa duba bayan idonki, don in an daɗe yana iya taɓa shi. Yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ji aikinsa, kada ki ce bai yi ba ki ajiye.

Sababbi suna nan ga wadda wannan bai ishe ta ba. Belimumab ya fito a 2011, yana toshe furotin ɗin da ke raya ƙwayoyin B, kuma shi ne magani na farko da aka amince da shi don lupus bayan fiye da shekara 50. Anifrolumab ya biyo a 2021, shi kuma ƙofar intaferon yake rufewa.

Abin da kika karanta na Jamus gaskiya ne, sai dai an faɗaɗa shi. A Erlangen, Georg Schett da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwayoyin T na mara lafiya, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, suka gyara su a ɗakin gwaji yadda za su farauci duk ƙwayar B mai alamar CD19, suka mayar mata. Dabara ce da aka aro daga maganin sankarar jini. Sun ba da rahoton mace ta farko a 2021, sai mutum biyar a 2022, dukansu ciwon ya lafa har suka ajiye magani, kuma da sababbin ƙwayoyin B suka tsiro ba su dawo da faɗan ba. Ni kaina abin ya girgiza ni. Amma waɗannan mutane ne da ciwon ya ci ƙarfinsu, duk magunguna suka gaza. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba mutum maganin sankara mai ƙarfi, akwai haɗarin zazzaɓi mai tsanani da kamuwa da cututtuka, kuma har yanzu a matakin gwaji ake. Ba abin da zan so wa mai ciwon yatsu da ƙurajen fuska ba ne. Inda na fi sa rai shi ne aikin da ya sa aka ba Shimon Sakaguchi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell kyautar Nobel a 2025, kan wasu ƙwayoyin T da aikinsu shi ne tsawata wa sauran kada su taɓa jiki. Ana gwada hanyoyin ƙarfafa su, wanda ya fi a danne garkuwar gaba ɗaya.

Haihuwa kuwa, ƙofa ba ta rufe ba. Mata da yawa masu lupus suna haihuwa lafiya, abin da ake so shi ne shiri. A bari ciwon ya kwanta aƙalla wata shida kafin ɗaukar ciki, musamman in ya taɓa ƙoda. Hydroxychloroquine ana ci gaba da shi har da ciki da shayarwa. Methotrexate da mycophenolate da cyclophosphamide suna lahanta jariri, sai an canza su tun kafin ciki, galibi zuwa azathioprine. Ki roƙi a gwada miki antibodin anti-Ro, domin yana ratsa mahaifa, kuma a kusan 2 cikin 100 yana taɓa bugun zuciyar jariri, in an san da shi sai a riƙa bibiya. Sai antibodin antifosfolifid, masu jawo daskarewar jini da ɓari. In akwai su, ana amfani da asfirin kaɗan, wani lokaci da allurar heparin, kuma suna shafar irin maganin tazarar haihuwar da ya dace da ke, don mai ɗauke da sinadarin istirojin ba ya tafiya da su. Ki cire nauyin baki ki gaya wa likitarki wannan burin tun yanzu, saboda zai canza irin maganin da za ta zaɓa miki.

Ɗan Ɗakin Gwaji ya ƙara:

Likita ta gama magana. Abu biyu kawai daga ɓangarenmu. In antifosfolifid ya nuna akwai, kada hankalinki ya tashi a karon farko, sai an maimaita bayan mako 12 ya sake nunawa kafin a ɗauke shi tabbas, don zazzaɓi ma kan ɗaga shi na ɗan lokaci. Shi kuma ANA ba sai kin yi ta maimaita shi ba, hawansa da saukarsa ba sa nuna halin da ciwon ke ciki. Anti-dsDNA da C3 da C4 da fitsari su ake bibiya, kuma in da hali ki riƙa yin su a ɗakin gwaji ɗaya, domin hanyoyin aunawa sun bambanta, adadin wani wuri ba ya daidaita da na wani. In sakamakon fitsarin ya fito, ki duba layin furotin da na jajayen ƙwayoyin jini, ki kai wa likitarki a ranar.